Dokin Kara, Dokin Ƙarfe: Tarihin Lilon da Muke Jira

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da kuma masu son karatu a natse. Na gyara wasu wurare, wasu kuma na bar su yadda suka fito daga baki.

Tun bayan ƙaramar Sallah ake ta yamiɗiɗi a nan wajenmu, Ƙofar Kwaya, cewa wani ɗan kasuwa zai shigo da sabon lilo garin nan. Hotuna uku ke yawo a WhatsApp. Ɗaya na kofunan shayi ne manya-manya masu juyawa, ɗaya na ƙananan jiragen sama, ɗaya kuma na dawaki farare masu gashi ruwan hoda. Yara sun riga sun raba gari, kowa da wanda yake so. Manya ma ba a bar su a baya ba, sai dai su tasu gardamar a kan kuɗin shiga take. Na san akwai wanda zai ce, malam, ana fama da 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana, ana fama da tsadar masara, kai kuma ka zo mana da zancen lilo? Na ji, kuma ban raina wannan magana ba. Amma yaron da aka gudo da shi daga ƙauye aka sauke a kangon wani a bayan gari, shi ma yaro ne, kuma ranar Sallah shi ma ƙafarsa wurin lilon za ta kai shi. Don haka ku ba ni aron kunnuwanku.

Bari mu fara da rarrabe kayan. Masu wannan sana'a sun kasa abin hawa na wurin wasa gida-gida. Akwai mai gudu bisa dogo kamar jirgin ƙasa, ya hau tudu ya gangaro. Akwai babbar tayar nan da ke ɗaga mutum sama ya hango gari. Sai kuma na ukun, wanda a kansa za mu yi magana: lilon da ke kafe wuri ɗaya, yana juyawa a kan turke guda, kamar dutsen niƙa na inji. Dawaki, kofuna, jirage, kujerun sarƙa masu majaujawa, duk 'yan gida ɗaya ne. In ka tuɓe masu riga, abin da za ka tarar bai wuce mota mai aiki da lantarki ba, da giya mai rage gudu, da babban boris a tsakiya, da faranti ko hannuwan ƙarfe da ke ɗauke da kujeru. Shi ke nan fa. Sauran duk ado ne. Kuma a kan adon nan ne ake kashe tunani, don shi yaro ba boris yake hawa ba, doki yake hawa.

To daga ina dokin ya fito?

Masu bin tarihin lilo suna mayar da asalinsa wajen shekarun 1100, zamanin yaƙe-yaƙen da Turawa suka kai ƙasashen Sham. A can suka ga mahayan Larabawa da Turkawa suna wani wasa a kan dawaki, suna zagaye suna jifar juna da ƙwallon yumɓu. Wasa ne, amma horon yaƙi ne, shi ya sa mutanen Italiya da Sifen suka sa masa suna da kalmar da ake fassarawa da ƙaramin yaƙi. Daga wannan kalma aka samu karusel, sunan da Faransawa da Amurkawa ke kiran lilon dawaki da shi har gobe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Kangiwa ranar hawan Sallah, ya ga mahaya sun sako dawaki a guje sun zo gaban Sarki sun ja linzami sun yi jinjina, ya san irin wannan wasa ba baƙonmu ba ne. A Maroko suna da nasu da suke kira taburida, Turkawa suna da jirit. Reshe ɗaya ne na itace ɗaya.

A Turai, wasan manyan mahaya a da shi ne su fuskanci juna da dogayen masu, kowa na neman kayar da ɗan uwansa. A 1559 Sarkin Faransa Henri na 2 ya shiga irin wannan karo, tsinken mashi ya shige masa ido, bayan kwana 10 ya mutu. Daga nan fadawa suka fara ja da baya daga wasan, aka koma wanda ba ya kisa: a rataye ƙaramin zobe, mahayi ya taho a sukwane ya caɓe shi da tsinin mashi. Sai aka ƙirƙiro wata dabara ta koya wa samari: dawakin katako a rataye jikin sanduna, a kafa turke a tsakiya, bawa ko alfadari ya riƙa juyawa, su kuma suna gwada caɓe zoben. Kun ga lilo ya haihu. Makarantar koyon hawa ce kafin ta zama abin wasan yara.

Akwai wani biki da nake so ku riƙe. A watan Yuni na 1662 Sarki Luwi na 14 ya shirya gagarumin hawa a Paris don murnar samun magaji. Aka kasa mahaya ƙungiya 5, kowace da shigarta. Sarki da kansa ya yi shigar sarkin Rumawa, ƙanensa ya jagoranci masu shigar Farisawa, akwai masu shigar Turkawa, da na Indiyawa, da na mutanen Amurka na asali. Filin da aka yi wannan hawa har yau sunan karusel yake amsawa, yana nan kusa da gidan tarihi na Louvre. Abin da ya sa na kawo shi: tun ran farko, wannan wasa ba ya tafiya sai da labari. Sai an ce wane ne kai in ka hau. Kuma tun ran farko, masu iko ke zaɓar labarin, su sa kayan wasu al'ummu su yi kwalliya da su.

Yanzu ga inda abin ya fi burge ni. Mun saba ɗauka cewa lilon Sallah kwaikwayon Turawa ne. Amma daga cikin bayanai mafi daɗewa da ake da su a rubuce game da lilo mai juyawa, akwai na wani matafiyi ɗan Ingila, Peter Mundy, wanda a 1620 ya ratsa garin Filibe a daular Usmaniyya, garin da yau ake kira Plovdiv a Bulgeriya. Ya zana hoton lilo iri-iri da mutanen ƙasar ke kafawa, har da taya mai ɗaga yara sama da faranti mai zagaye da su a ƙasa. Kuma yaushe ake kafa su? Lokacin Bairam. Bairam kuwa shi ne Sallah da harshen Turkanci. Shekara 5 kafin shi, wani ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya hau irin wannan taya a Santambul lokacin bikin watan azumi. Wato dai shekara 400 da suka wuce, Bature ne ke tsaye yana kallon lilon Sallar Musulmi yana mamaki, yana rubutawa a littafinsa. Don haka in ƙanenka ya tasa ka gaba ranar yawon Sallah sai ka kai shi lilo, al'ada ce mai tsohon tarihi yake bi, ko da bai sani ba.

Abin da Turawa suka ƙara shi ne inji. A 1861 wani Thomas Bradshaw ya fito da lilo mai aiki da tururi a Ingila. Bayansa Frederick Savage, maƙerin kayan noma a garin King's Lynn, ya ɗauki abin da gaske, ya dasa injin a tsakiyar lilon, daga baya ya sa wani lanƙwasasshen ƙarfe a sama wanda ke sa doki ya riƙa hawa da sauka kamar yana sukuwa. Ku lura, maƙerin kayan noma ne. Irin mutanen da muke da su a bakin titi suna walda suna ƙera injin casar gero. Da inji ya zo sai lilo ya ƙara girma, ya iya ɗaukar nauyi, sai aka samu wurin zuba ado: madubai, fitilu, zane, da akwatin kiɗa.

A Amurka abin ya zama sana'ar masassaƙa. Gustav Dentzel, Bajamushe, ya buɗe shagonsa a Filadelfiya a 1867. Charles Looff ya kafa lilon farko a Coney Island a 1876. Baƙi ne 'yan ci-rani daga Jamus da Italiya da Rasha suka riƙa sassaƙa dawakin nan da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har da jijiyar wuya da haƙora. Suna da wata dabara da ta ba ni dariya: ɓangaren dokin da ke fuskantar 'yan kallo shi ake cika wa ado, na ciki kuwa a bar shi fayau. Ko a can ma ana kwalliyar ganin ido. Kuma a kowane lilo akwai doki guda da ya fi saura kyau, shi ne jagaba, da shi mai lilo ke ƙirga zagaye. Wani abin kuma, lilon Ingila yana bin hannun agogo, na Amurka da yawancin Turai yana saɓa masa. Da tattalin arziki ya karye a 1929 sana'ar ta durƙushe, daga baya aka koma zuba dawakin a cikin mazubi, na alminiyam sannan na roba mai ƙarfi. Dubbai aka sassaƙa, kaɗan ne suka rage.

Babbar tayar Ferris ta baje kolin Shikago a 1893, mai tsawon mita 80 da ɗakuna 36, ba zan tsaya kanta ba, ba 'yar gidan da muke magana ba ce.

Wanda ya mayar da ado ya zama shi ne kasuwar, Walt Disney ne. Ya sha faɗa cewa tunanin ya zo masa ne yana zaune a benci a wani lambu a Los Angeles, 'ya'yansa mata biyu na kan lilon dawaki, shi kuma ba abin da zai yi sai cin gyaɗa. Ya buɗe Disneyland ranar 17 ga Yulin 1955. Injinan da ya zuba galibi ba wani sabon abu ba ne. Abin da ya yi shi ne ya ɗaura wa kowanne tatsuniya. Kofunan shayin nan da ke yawo a wayoyinmu, daga fim ɗinsa na Alice na 1951 suka fito, inda ake wani shan shayi na mahaukata. Lilon giwa mai tashi daga fim ɗin Dumbo na 1941. Lilon dawakinsa ma tsoho ne, ƙirar 1922, ya sayo daga Toronto ya gyara ya laƙaba masa sunan Sarki Arthur. Yaron Amurka in ya shiga kofin nan ya san labarin, ya san wanda ya gayyace shi shan shayin. Yaron Sabuwar Unguwa in ya shiga, kofi kawai ya shiga. Zai ji daɗin hajijiyar, ba musu, amma rabin abin da aka biya kuɗi dominsa bai iso gare shi ba.

Kuma don ku tabbatar riga ce kawai ake canzawa: a 2001 kamfanin ya buɗe wani lilo a Florida, tsarin aikinsa irin na giwar nan ne, sai aka cire giwa aka sa dardumar Aladdin, aka kafa raƙuma a gefe suna fesa wa mutane ruwa. Raƙumi da darduma da rawani, kayan da in ka je kasuwar Mai'aduwa ko ta Jibiya za ka gan su da ransu. Su sun ga kuɗi a ciki. Mu kuma muna jiran kwantena ta kawo mana doki mai gashi ruwan hoda.

Mu dawo gida. Kafin inji, yaron Katsina yana da lilonsa: igiya a reshen tsamiya ko durumi, daga baya bedi da ya cika gari. Yana da dokin kara, wanda yake yi wa linzami da tsumma, ya ja zugar abokai suna kwaikwayon hawan Sarki, wani ma har da ɗan kwalin da aka naɗa ya zama rawani. Yana da dandali da dare, langa ga maza, gaɗa ga mata, tashe in azumi ya kai goma. Ba wanda ya biya ko kwabo. Abin da ya tafi da waɗannan ba lilon zamani ba ne, fili ne ya ƙare. Duk wanda ya girma a bakin ganuwa ya san wuraren da ake buga ƙwallo shekara 15 da suka wuce, yau shaguna ne da gidajen mai. An yi mana gadar ƙasa a Ƙofar Kwaya da Ƙofar Ƙaura, motoci sun samu hanya, madalla. Yaro mai shekara 7 kuma ina zai je da la'asar?

Wuraren wasa na zamani sun shigo Najeriya ne da kuɗin mai. Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina gidan zu a farkon shekarun 1970, wanda har yau ranar Sallah ba masaka tsinke. Legas ta samu na Apapa a 1976, Abuja ta samu Wonderland a 2007. Mu nan Katsina, jihar ma sai 23 ga Satumban 1987 aka ƙirƙiro ta, kuma yawancinmu in aka ce lilo, Maryam Park ke faɗo mana a rai. Injinan da ake kafawa a ƙasar nan kusan duk daga waje suke. Masu tsadar daga Italiya, inda kamfanin Zamperla yake, ko Jamus, inda HUSS yake. Masu sauƙin daga Chaina, musamman garuruwan Zhengzhou da Zhongshan. Kuma ga abin da mutane ba su cika sani ba: waɗannan masana'antu suna yin abin da mai saye ya ce ne. Ka aika masu da zane, su zuba maka shi. In an ga ɗan kasuwarmu ya ɗauko na cikin kundin talla yadda yake, to ko dai don ya fi araha ne, ko don ba wanda ya taɓa ce masa akwai wani zaɓi.

Alhali garin nan ya taɓa yin irin wannan aiki, kuma ya yi shi da kyau. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906 ya rasu a 1944, ya je Makka ya je Ingila a 1921, kuma a zamaninsa wasan folo ya kafu a Katsina. Folo ba namu ba ne. Daga Farisa ya taso, Turawan Ingila suka tsince shi a Indiya, suka yawata da shi. Amma da ya iso nan sai ya tarar da mutanen da suka san doki tun kaka da kakanni. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen da Najeriya ta taɓa yi a wasan, har yau filin folo sunansa yake ɗauke da shi, kuma ba Bakatsinen da ke jin folo baƙon abu ne. An karɓi tsarin wasan, an hau shi da dawakinmu da mahayanmu. Ni abin da nake nema wa lilo ke nan.

Ku rufe ido ku gani. Rumfar lilon a yi mata zankwaye irin na soron gidan Sarki, turken tsakiya a yi shi da siffar hasumiyar Gobarau, wadda ke tsaye a garin nan tun zamanin da ake dangantawa da Muhammadu Korau. Allunan da ke kewaye da saman rumfar, inda Turawa ke zana fadojinsu, a sa ƙofofinmu: Kwaya, Ƙaura, Marusa, Durɓi, Sauri, Guga, 'Yanɗaka. Yaro yana zagaye yana karanta su, kafin ya sauka ya haddace abin da wasu 'yan jami'a ba za su iya jerowa ba. A ƙarƙashin ta 'Yanɗaka ma a rubuta 1903, shekarar da Lugga ya shigo ta nan, don labarin ba na daɗi kaɗai ake ba yaro ba. Dawakin kuwa kowanne da kamarsa da sunansa a rubuce a wuya: ga akawal, ga kili, ga hurde, ga bidi, ga danda, ga gunya. Sunayen nan suna mutuwa a bakin 'yan bayanmu, wallahi. Ku gwada tambayar ɗan sakandare mi ake nufi da hurde. A sa masu jalala da ɗan goshi da likkafa, guda biyu a yi masu lifidi da mahayin kwalkwali a zane. Jikin dokin a zubo shi daga masana'anta, ba laifi, amma sirdi da ragama a ba dukawanmu, fenti a ba masu zanen bayan manyan motoci, waɗanda hannunsu ya fi na kwamfuta rai. Kiɗa kuma, maimakon waƙar Turancin nan mai ƙarar gwangwani da ke maimaita kanta, a ɗauko algaita da tambari. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Duniya na zuwa kallon abin da muke da shi a ƙofar gida.

Na san inda wasu za su tsaya: siffar doki ba gunki ba ce? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da hurumin fatawa. Abin da na karanta dai, akwai ruwayar da Abu Dawuda ya kawo cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa har da doki mai fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Da irin wannan ruwaya malamai da yawa suka sassauta kan kayan wasan yara. Wasu kuma suna da tsanani in siffar ta cika. Mai kawo lilo ya je ya zauna da malaman garin tun kafin ya biya kuɗin kaya, kada sai an kafa a zo ana ce-ce-ku-ce. In ma an ƙi dawakin, labari bai ƙare ba. Kofin shayi ana iya mayar da shi ƙwarya mai zane, ko akushi, ko tukunyar marina. Injin bai san bambanci ba.

Sai dai ado shi ne mai sauƙin. Akwai abubuwan da masu zane a Zhengzhou ba za su sani ba sai mun faɗa masu. Ba su san rana tana wuce digiri 40 a watan Afrilu ba, kujerar ƙarfe marar rumfa ta zama tanda. Ba su san ƙurar hunturu da ke shiga boris ta cinye maiko ba. Ba su san in wuta ta ɗauke ana tsakiyar juyi, sai an jira mai janareta ya dawo daga sallah ba. Kuma ba su san 'yan matanmu da dogon hijabi suke hawa ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tayar babur ke naɗe hijabi ya san abin da nake tsoro. Dole duk wani ƙarfe mai juyawa a rufe shi ruf. Tsofaffin lilon Turawa suna da benci mai kamar keken doki a tsakanin dawakin, domin mata masu dogayen riguna da tsofaffi da jarirai. A dawo da shi. Yarinyar da ba ta son ta raba ƙafa ta zauna, uwa ta zauna da na goye, yaron da shan inna ya taɓa shi ma a ɗora shi.

Ga kuma tsatsa. Ranar 26 ga Yulin 2017, a wani baje koli a jihar Ohayo ta Amurka, wani lilo mai wurwura mutane ya ɓalle yana cikin aiki, saurayi ɗan shekara 18 ya mutu, mutum 7 suka jikkata. Kamfanin da ya ƙera shi ya bincika ya ce tsatsa ce ta cinye ƙarfen daga ciki tsawon shekaru. Daga waje fenti lafiya lau. Wannan fa a ƙasar da ke da masu duba lilo na gwamnati ke nan, kuma an duba shi a ranar. A Jamus ba ka isa ka kafa lilo ba sai injiniyoyi masu zaman kansu irin na TÜV sun gwada shi, Turai na da ƙa'ida rubutacciya mai lamba EN 13814. Mu abin da ya kamata mu tambaya tun yanzu, da babbar murya, shi ne sabo ne ko kwance, shekararsa nawa, wa zai duba waldarsa, kuma duk wata nawa. A liƙa takardar dubawar a bakin ƙofa inda kowane uba zai karanta. Yaron da za a ba makunnin kuma a koya masa aikin, kada a ɗauko shi ranar jajibiri a ce danna kore, danna ja.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. A 1960 ɗaliban jami'ar Howard, baƙaƙen fata, suka je wurin wasa na Glen Echo kusa da Washington suka hau lilon dawaki suka ƙi sauka, aka kama su, don wurin na farare ne zalla. A Baltimore an shafe shekaru ana zanga-zanga a ƙofar wurin wasa na Gwynn Oak. Ranar 28 ga Agustan 1963, ranar da Martin Luther King ya yi jawabinsa na mafarki, a ranar aka buɗe wurin ga kowa, aka ɗora wata jaririya 'yar wata 11, Sharon Langley, a kan dokin lilo. Daga baya aka ɗauke wannan lilo aka kafa shi a babban dandalin Washington, da sunanta a jikin dokin. Mutanen da suka yi wannan gwagwarmaya suna da matsalolin da suka fi lilo girma, ana kashe su, ana hana su zaɓe. Duk da haka ba su ga ɓata lokaci ba ne su tsaya kan wa zai hau.

Mu ba mu da allon da ya ce wane kada ya shiga. Muna da kuɗin ƙofa, sannan kowane lilo da nasa tikitin. Magidanci mai 'ya'ya 6 ya yi lissafi ya ce a zauna gida. Ku je kowane wurin wasa a Arewa ranar Sallah ku dubi waya ta waje, ku ƙirga almajirai da 'yan talla da 'yan gudun hijira da suka maƙale suna kallo. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, sashe na 31 ya ce wasa da hutu haƙƙin yaro ne. Jihar nan ma ta yi dokar kare yara a ƙarshen 2020. Ɗan kasuwa ba zai yi asara don mu ba, dizal ba kyauta ba ne, na yarda. Amma in gwamnati ce ta ba da fili ko ta yafe haraji, to tana da bakin cewa a ware safiyar Alhamis, ranar da makarantun allo ke hutu, a buɗe kyauta ko a rabin kuɗi. Masu hali da ke raba shinkafa da azumi su sayi tikiti 500 su ba masu unguwanni. Ƙungiyoyinmu na matasa mu karɓi aikin jera yara da tsaron layi, wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Wanda duk ya san mai shigo da lilon nan, ya tura masa rubutun nan kafin kaya su baro tashar jirgin ruwa. Masu iya zane kuma ku zana mana dokin jagaba yadda kuke son ganinsa ku ajiye a ƙasan wannan rubutu, za mu haɗa su wuri ɗaya mu kai masa. Ni dai akawal na zaɓa, da jan jalala.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi ganuwa da ƙafa daga Ƙofar Kwaya zuwa Ƙofar 'Yanɗaka mu ga abin da ya rage. Wassalamu alaikum.